Ƙaramin ruwa ya fi wuyar riƙewa



Kwanan baya wani ƙanena a Safana ya nuna min bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne da ɗan akwatin gilashi na lita 20 a kan tebur, cike da ruwan gishiri, da murjani mai rai, da kifaye biyu masu launi kamar an yi musu zane. Ya ce, "Yaya, wannan ai ba wuya, ko a ɗakina sai in ajiye, in riƙa sayar wa masu kuɗi a Katsina." Na ce masa ya dakata. Ra'ayina shi ne wannan akwati ba sana'ar mai farawa ba ce a Safana ko Batsari, amma akwai darasi a cikinsa da zai tsare maka jarinka.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma haka ake so ya tsaya a akwatin. Gishirin miya ba ya yi, sai wani haɗi na musamman da ake shigo da shi daga waje, a kwaɓa da tataccen ruwa. To, ruwa yana bin iska, gishiri kuwa yana nan. Idan lita 2 ta tsotse daga cikin 20, gishirin ya tashi zuwa kusan giram 39 ke nan. Ka tuna yadda iskar hunturu take busar da wanki a wajenmu. Murjani kuma yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. Idan ya daɗe sama da 30 sai ya yi fari, ya fara mutuwa, mu kuwa a Afrilu zafi yana kai 40. Ga famfo da dole ya kwana ya wuni yana aiki, ga fitila ta musamman. Teku kuma tana can Legas, sama da kilomita 1,000. Wa zai saya, wa zai iya riƙewa?

Darasin shi ne: iya ƙanƙantar ruwa, iya saurin lalacewarsa. Masu wannan kiwo sukan bar akwatin sati 4 zuwa 6 kafin su sa kifi, har ƙwayoyin da ke cinye amoniya su zauna. Mu fa? Yau an sayo tanki, gobe an zuba tarwaɗa 300, wai tana da taurin rai. Gaskiya ne tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure abin da karfasa ba ta iya jurewa. Amma juriya daban, girma daban. Kashinta da ragowar abinci suna zama amoniya, kifi ya daina ci, fata ta yi gyambo, ka wayi gari suna rataye a saman ruwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu suke son ƙaramin kiwo. Tunda matsalar tsaro ta hana da yawa zuwa gonakin da ke kusa da dajin Rugu, kowa yana neman abin yi a cikin gida, kuma jarin kaɗan ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban ce kada a fara da kaɗan ba. Cewa nake a rage kifin, kada a rage ruwan.

Kafin ka sayi ɗan kifi ko ɗaya, yi lissafin ruwa. Tankin lita 1,000 jarka 40 ne ta lita 25. Idan kifi ya girma kana canza rabin ruwan kullum ko bayan kwana biyu, jarka 20 ke nan kowane canji. In daga wajen 'yan ga-ruwa za ka saya, lissafa kuɗin na wata 5 tukuna. In ba ka da rijiya ko burtsatse kusa, wallahi gara ka fara da kaji.

In ruwan ya samu, shawarata kada ka wuce kifi 50 zuwa 60 a zagayen farko. Sayi waɗanda suka ɗan tasa, sun fi masu girman yatsa jure hannun sabon shiga. Sa tankin a inuwa. Ba su abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, da hunturu ka rage domin sanyi yana rage musu ci. Ka riƙa ware manya daga ƙanana duk bayan sati 2, don tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Ruwan da ka zubar ka kai shi gindin zogale da alayyahu. In abu ya shige maka duhu, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen kiwon kifi, kuma ba nisa daga Safana.

Ƙanena dai ya haƙura da murjani, yanzu yana tara kuɗin tanki. Allah Ya sa wa neman kowa albarka.