Gwamnati Ɗaya ga Duniya Duka: In Ta Zalunce Mu, Ina Za Mu Kai Ƙara?

Karatu: Farawa 11:1-9, 1 Sama'ila 8:10-18, Ru'ya ta Yohanna 13:11-18



A zumuntar matasa ta kwanan baya muhawara ta kaure a kan wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, mai cewa an gama shirin kafa gwamnati ɗaya ta duniya, wai lambar NIN ce matakin farko. Wasu suka tsorata, har wata 'yar'uwa ta ce babanta ya hana ta yin rajistar, ga shi kuwa tana so ta rubuta JAMB. Wani ɗan'uwa mai karatu a Zariya kuma ya miƙe ya ce shi kam da ma a yi, domin in gwamnati ɗaya ce babu ƙasar da za ta yaƙi wata, babu biza, babu mai ƙoshi da mai yunwa. Lokaci ya ƙure ba mu ba da amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da ɗan'uwan nan, don maganarsa ba ta banza ba ce. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, mu da ba mu san hanyar Yukren ba muka ji shi a kuɗin takin zamani. Cuta kuma ba ta neman biza. Akwai matsalolin da ƙasa ɗaya ba ta iya magancewa ita kaɗai, haɗin kan ƙasashe kuwa ya kawo mana alherin da muka gani da idonmu. Wasu tsofaffinmu har yau da tabon agana a fuskarsu, amma ku ba ku taɓa ganin mai ciwon ba, domin a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita. A watan Agusta 2020 aka sanar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Rikicin Bakassi tsakaninmu da Kamaru kotun duniya ce ta yanke shi a 2002, aka kammala miƙa yankin a 2008. Hukuncin ya yi wa 'yan Nijeriya da yawa ɗaci, amma ba a kwashi 'ya'yanmu zuwa babban yaƙi ba. Mai cewa duk abin da ya fito daga Majalisar Ɗinkin Duniya na Shaiɗan ne, bai faɗi gaskiya ba, Kirista kuwa ba shi da izinin yin ƙarya ko don ya tsoratar da mutane su tuba.

Sai dai ƙasashe su zauna su yi shawara daban, a miƙa dukan iko ga kujera ɗaya daban. Ba sai mun je nesa neman misali ba.

Ku tuna da farkon 2023. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbi kuwa suka ƙi samuwa. A kasuwar Maƙarfi mai rake yana da kaya, mai saye yana da kuɗi a asusu, amma ciniki ya gagara. Kaya ɗaya ya koma farashi biyu, na kuɗi a hannu da na tiransifa. Manomin tumatur a Ikara, wanda kayansa ba ya jiran gobe, ya sayar yadda ta yiwu. Masu dankali a Kudan haka. Muka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS. Mu da ke ƙirga baiko ran Lahadi mun san yadda kwanon ya koma. Ba mu ce waɗanda suka yanke shawarar mugunta suka nufa ba, sun ba da dalilansu. Amma shawara ɗaya daga ofis ɗaya a Abuja ta hana gwauruwa a ƙauyenmu sayen magani.

To, ta ina sauƙi ya zo? Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka bi sahu. Ran 3 ga Maris 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Wato mun tsira ne domin ikon ba a hannu ɗaya yake ba, akwai wani mai iko da zai iya ce wa mai iko ya dakata. Yanzu ku ɗauka bankin nan na duniya duka ne, kuɗin ɗaya ne, sojan ɗaya ne, kotun ma a tafin hannun mai mulkin take. Wa zai shigar da ƙarar? A ina?

Nan ne Littafi Mai Tsarki ya fi masana siyasa hangen nesa, domin bai taɓa yarda da zuciyar ɗan adam ba. Sa'ad da Isra'ila suka nemi sarki, Sama'ila ya lissafa musu abin da sarkin zai kwashe: 'ya'yansu maza da mata, gonakinsu masu kyau, ushirin hatsinsu. Lura fa, bai ce in an yi rashin sa'a aka sami mugun sarki ba. Halin iko ke nan a hannun mai zunubi. Dawuda, mutumin da Allah ya zaɓa, da ya sami dama ya ƙwace matar Uriya, ya sa aka kashe mijin. In Dawuda ya buƙaci Natan ya tsaya a gabansa, wane ne wannan da za mu ba duniya duka ba tare da mai tsawata masa ba?

A Babila mutane suna da harshe ɗaya da niyya ɗaya, suka tasar wa gina hasumiya don su yi wa kansu suna, kada su warwatsu. Allah ya dagula harshensu. Mun saba wa'azin wannan a matsayin hukunci, hukunci ne kuwa, amma akwai jinƙai a ciki. Ya sa wa muguntarmu shinge. Bulus ma ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ne ya ƙayyade wa al'ummai zamaninsu da iyakar mazauninsu. Iyaka tana da amfanin da ba ma lura da shi sai ranar gudu. Dawuda ya tsere wa Saul zuwa ƙasar Filistiyawa. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare zuwa Masar, inda hannun Hirudus bai kai ba. Ƙarƙashin gwamnati ɗaya tak, wanda ake tsananta wa saboda bangaskiyarsa ba shi da Masar.

Mu ƙara da tambayar da ɗan'uwanmu bai yi ba: wa zai hau kujerar? A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe biyar ne ke da kujerar naƙi tun 1945, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Manomin da ganin shugaban ƙaramar hukumarsa a Hunkuyi ke yi masa wuya, yaya muryarsa za ta kai fadar sarkin duniya?

Kada ku ɗauka muna ƙin haɗuwar 'yan adam. Muna jiran ta. Daniyel ya ga dutsen da ba hannun mutum ya sare shi ba yana farfashe mulkokin duniya, Ishaya ya yi annabcin Ɗan da mulki zai kasance a kafaɗarsa. Gwamnati ɗaya tana zuwa, amma Sarkinta shi ne wanda ya wanke ƙafafun almajiransa. Ko shi ma bai murƙushe bambancinmu ba. Ranar Fentikos kowa ya ji bishara da harshen garinsu, mu ma tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, ba a ce sai mun koyi Helenanci ba. Taron da Yohanna ya gani a gaban kursiyin daga kowace kabila da harshe yake.

Saura batun 'yar'uwarmu da NIN. Gaskiya ne Ru'ya ta Yohanna 13 ta yi maganar iko a kan dukan al'ummai, da alamar da in babu ita ba saye ba sayarwa. Bayan abin da muka sha a 2023, ba za mu yi wa mai jin tsoro dariya ba. Amma ku karanta surar duka, kada ku tsaya a aya ɗaya. Alamar tana tafe da sujada. Ana karɓarta ne a matsayin mubaya'a ga dabbar, a juya wa Ɗan Ragon baya. Ba wanda zai karɓe ta bisa kuskure a layin rajista. Hukumar NIMC ba ta ce ka musanci Yesu kafin ta ɗauki hotonka ba. Yusufu da Maryamu kansu sun tafi Baitalami ne saboda ƙidayar Kaisar Augustas, Allah kuwa ya cika annabci ta wurin wannan rajista. Ranar da wata hukuma, ta gida ko ta waje, za ta ce mu yi wa wani sujada ko mu daina shelar sunan Yesu, amsarmu ita ce ta Bitrus a gaban majalisa, za mu kuwa biya kuɗinta. Kafin nan, Romawa 13 tana nan daram.

Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN. Yarinyar da aka hana lambar nan ta rasa shekara guda ta karatu, a yankin da muke kukan ƙarancin 'ya'yanmu a manyan makarantu, saboda muryar wani da ba mu san sunansa ko ikkilisiyarsa ba. Wannan asarar ba Magabcin Almasihu ya jawo mana ita ba, mu muka jawo da yatsan da muka tura saƙon.

Duk wanda iyayensa ke da damuwa a kan wannan, ya same mu bayan sujada ran Lahadi. Za mu je gidan tare da dattijo ɗaya, mu buɗe surar, mu karanta da Baba daga aya ta fari.