Malamai na faɗa, ɗalibai na biyan kuɗin sabulu

Ƙanwata tana shekara ta 2 a wata makarantar kiwon lafiya mai zaman kanta a nan Maraɗi. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin ya wuce makaranta guda. Wata biyu ke nan ajinsu ba su ga makin jarrabawar aikin hannu ba. Dalili? Malamai biyu ba sa ga-maciji, kowa ya riƙe nasa rabin makin.

Ɗaya tsohon majo ne, ya yi shekaru a likita kafin ya dawo koyarwa. Ɗayar matashiya ce, da babban digiri. Faɗan ya taso ne a kan allurar artesunate, wadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Majo ya koyar da miligiram 2,4 ga kowane kilo, ga kowa da kowa. Malama ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi, haka OMS ta gyara tun 2015. Gaskiyarta. Sai dai a gaban aji ta faɗa, har da cewa wasu sun tsaya a zamanin da. Majo ya ji labari kafin la'asar.

To, tun ranan nan ɗalibai suka zama ƴan aike. "Ku gaya wa malamarku..." "Ku tambayi tsohonku..." Wanda ya rubuta 3 a takardar majo ya sha jan biro, wanda ya rubuta 2,4 wajen malama haka. Ƙanwata ta haddace amsa biyu, tana duba fuskar mai tambaya kafin ta zaɓa. Wallahi da ta gaya mini dariya na fara yi, daga baya jikina ya yi sanyi. Yarinyar nan gobe ita kaɗai za a tura wani CSI na ƙauye, cikin damina, uwa ta kawo mata yaro yana suma. Fuskar wa za ta duba?

Darakta kuma ya kira su ofis, ya ce a yi haƙuri, ku ƴan uwa ne. Suka gaisa, suka fito, kowa da abinsa a ciki. Ni ban raina haƙuri ba, amma haƙuri ba ya sauya lissafin magani. Kuma kowa a makarantar ya san allura ba ita ce tushen rigimar ba. Awoyi ne. Da awa ake biyan yawancin malaman nan, aka ɗebi na majo aka ƙara wa malama ba tare da an zauna da shi ba. An taɓa masa tuwo, sannan an kunyata shi gaban yara.

Abin da ya kamata ba ya cin ko dala. Rabon awoyi a yi shi a taron malamai tun farkon shekara, a rubuce, a manna a allo. In saɓanin na ilimi ne, a buɗe kundin ƙa'idojin jinya na ma'aikatar lafiya a ɗakin malamai, abin da ya ce shi ke nan, a fito wa ɗalibai da magana guda. In na haƙƙi ne, dokar aiki ta 2012 ta tanadi wakilan ma'aikata, ga kuma sufeton aiki mai sasantawa. Maki kuwa na ɗalibi ne, iyayensa sun biya, ba garkuwar kowa ba ne.

Kada ma a ɗauka ina bayan malama ɗari bisa ɗari. Majon nan, in ji ɗaliban, yana samun jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse cikin ƙiftawar ido, abin da digiri ba ya bayarwa. Makarantar tana buƙatar su duka biyun, a ɗaki guda.

Na ce wa ƙanwata su rubuta wa darakta takarda, duk ajin su sa hannu, su nemi makinsu da kuma amsa guda a kan allurar. Tsoro take ji, wai za a kama sunanta. Ranar Litinin ni zan raka su.