Filin Masu Sana'a: Akwatin Lasifika Ba Ado Ba Ne

Kwanakin baya wani saurayi mai gyaran rediyo a Titin Makurɗi, a nan Lafia, ya kawo mini kuka. Ya tara kuɗi ya sayi lasifika mai inci 10, kafinta ya ƙera masa akwati da ka, ba awo ba lissafi. Da aka kunna, sai amo ya fito kamar ana dukan garwa. Ya ce an sayar masa da jabu. Na ce masa lasifikarsa lafiya lau take, akwatin ne da laifi.

Ga yadda abin yake. Faifan lasifika yakan tura iskar gabansa, ya janyo ta bayansa. In babu shamaki tsakaninsu, sai su cinye juna, amo mai kauri ya ɓace. Rufaffen akwati yana kulle iskar baya, ita kuwa ta riƙa tokare faifan. Ku dubi kalangu: in makaɗi ya matse tsarkiya, murya ta yi sama. Haka ƙaramin akwati yake matse faifai, kauri ya ragu, ƙugi ya yi yawa. In kuma ya cika girma, faifai ya yi ta lilo ba mai riƙonsa, har ya lalace in an ƙure murya.

Wani Ba'amurke, Edgar Villchur, shi ya fito da wannan dabara a 1954, kamfaninsa na Acoustic Research ya ƙera samfurin AR-1. A 1972 kuma Richard Small ya buga lissafin rufaffen akwati, bisa aikin Neville Thiele na ƙasar Ostareliya. Saboda haka kamfanonin kirki suke ba da alƙaluma uku game da kowace lasifika, wato Fs da Qts da Vas.

Ga misali. A ce Qts 0.4 ne, Vas kuma lita 60. Abin da ake nema shi ne 0.7, domin a nan amo yake daidaita. Raba 0.7 da 0.4, ka sami 1.75. Ninka shi da kansa, ka sami kusan 3, ka ɗebe 1, saura 2. Raba 60 da 2, akwatinka lita 30 ke nan, wato santimita 40 da 30 da 25 ta ciki. In Fs 40 ne, ninka shi da 1.75: faifan zai fi son girgiza sau 70 a sakan, daga nan ƙasa amo yake soma raguwa.

Saura aikin kafinta. A nemi katako mai kaurin milimita 18, a sa gam a kowace mahaɗa, a toshe ramin waya, a zuba auduga sako-sako a ciki. A guji allon garin katako, gama laimar daminar Lafia takan kumbura shi. In an gama, danna faifan a hankali da yatsu. In ya dawo sannu-sannu, madalla. In kuwa ka ji hucin iska, akwai kafa, a neme ta.

Don haka muna kira ga samarinmu su tambayi alƙaluman nan tun kafin su biya kuɗi. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.