Mai Gadi a Ƙofar Ilimi

A Amurka akwai kwalejoji masu karatun shekara biyu, waɗanda ake kira kwalejojin al'umma. Su ne mafakar ɗan talaka, da uwa mai goyo, da ma'aikacin da ke karatu da dare. Ana alfahari da cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Sai dai buɗewar ba iri ɗaya ba ce.

A wurare da dama, ɗalibin reshen da ke tsakiyar birni, inda baƙar fata suka fi yawa, ba ya kaiwa aji sai ya nuna wa mai gadi katin shaida, kyamara kuma na biye da shi. Takwaransa na reshen kewayen birni, inda Turawa suka rinjaya, ajiye mota kawai yake yi, ya ratsa fili ya shiga. Kwaleji ɗaya, darasi ɗaya, amma an karɓi wancan a matsayin ɗalibi, wannan kuwa a matsayin abin zargi.

Wa ya raba su tun farko? A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da rancen gida a can kasada ce. Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, amma a 1974, a shari'ar Milliken da ta taso daga Detroit, ta hana a tilasta wa gundumomin kewaye shiga shirin haɗa yaransu da na cikin birni. Kwalejin al'umma kuwa daga maƙwabtanta take samun ɗalibai, don haka ta gaji wannan iyaka kamar yadda take.

Hukumomi za su ce ai cikin birni ne ake aikata laifi. Ko da mun yarda, idan haɗarin a kan titi yake, me ya sa ɗalibin ake bincika, shi da aka ce ana karewa? Kuma masifa ba ta duba taswira. A ranar 1 ga Oktoba, 2015, wani ɗan bindiga ya kashe mutum tara a Kwalejin Umpqua, kusa da Roseburg, ƙaramin gari a jihar Oregon wanda galibin mazaunansa Turawa ne. Ba wanda ya ce daga ranar a riƙa kallon 'ya'yan irin wannan gari da idon tuhuma.