A Haskaka Hanyar Masallata

Ya 'yan'uwa Musulmi mazauna Springfield, ga hunturu ya ƙarato. Ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba ake mai da agogo baya da awa ɗaya, a farkon Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi. Watau Isha'i da Asuba duk cikin duhu za mu je su, yaranmu kuma cikin duhu za su komo daga makarantar allo.

A Nima ko zangon Kumasi, fitilar mai koko da ta mai tsire kan haskaka lungu, kowa kuma ya san muryar kowa. A nan babu mai kasa kaya bakin hanya. In fitilar sanda ta mutu, shi ke nan, sai duhu, ga matakala, ga ƙanƙara. A shekarar 2022 masu tafiya a ƙasa fiye da 7,000 mota ta kashe a Amurka, wajen kashi uku cikin huɗu kuwa cikin duhu abin ya same su. Wanda ya taɓa ƙetare Backlick Road da dare ya san ba tatsuniya muke yi ba.

To, nauyin wa ne? Fitilun manyan tituna yawancinsu kamfanin Dominion Energy ke gyara su, tun 2019 kuma hukumar Fairfax ta shiga sauya nata zuwa irin na LED masu ƙarancin shan wuta. In ka ga ɗaya ta mutu, rubuta lambar da ke jikin sandar, ka kai rahoto. Amma 'yan hanyoyin cikin unguwa, tsakanin gidaje da wurin ajiye motoci, galibi na ƙungiyar masu gidaje ne, ko na mai gidan haya. Nan ne laifinmu yake. Muna biyan kuɗin ƙungiya, amma ran taro ba a ganin ƙeyarmu.

Wasu maƙwabta za su ce haske zai hana su barci, wasu su ce kuɗin wata zai ƙaru. Maganarsu abar dubawa ce. Mu ba babbar fitila muke roƙo ba. Gajeruwa mai murfi, wadda ke zuba haskenta ƙasa, ita ce daidai, gama mai kashe ido ba ta nuna rami, ɓoye shi take yi. Kuɗinta kuwa bai kai na ɗorin ƙugun tsoho ba.

Malamanmu sun sha faɗa mana kawar da cuta daga hanya sadaka ne. Saboda haka kowace unguwa ta fid da mutum biyu, su zaga bayan Isha'i, su ƙidaya matattun fitilu, su kai takarda gaban taro. Dattawa kuma su riƙa tocila, su yafa fari bisa baƙar rigar sanyi.

Allah ya kiyashe mu, amin. Haza wasalam.