Ƙofar bayan tarhon ofis: jiya mun shiga ta wasu, yau ana shiga tamu

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, kafin salula ta fara yaɗuwa daga 2001, ya san azabar kiran Dubai ko Jidda. Sai ka bi layi a telesantar, bakinka na gaisuwa, idonka na kan agogo, jikka na bin jikka. A wancan zamani ne wasunmu suka koyi wata dabara da suke kira wayo.

Ga yadda take. Manyan ma'aikatu suna da na'ura mai rarraba layukan tarho zuwa ofisoshi, wadda muke ce wa sitandar. Wasu na'urorin an yi musu ƙofa ta waje, domin ma'aikacin da aiki ya fitar. Daga inda yake sai ya buga lambar ma'aikatarsu, ya ji layi ya sake buɗewa, ya danna lambar sirri, sannan 00 da 971 in Dubai ce, ko 86 in ƙasar Sin ce. Shi kuɗin kiran cikin gida kaɗai zai biya, na ƙetare yana kan ma'aikata. To, sai ƙani ya ba wa, wa ya ba abokin ciniki, har lamba ta zama haja a bakin tasha.

Ni ban taɓa ganin wayo a nan ba. Na san wata baiwar Allah mai kula da sitandar a wata ma'aikata, wadda aka sallama saboda kiraye-kirayen da ba ita ta yi ba. Alhazan da suka sha labari da dillalansu na Dubai a kan layinta, ko sannu babu wanda ya je ya yi mata. Wannan cin amana ne, ko da wanda aka cuta gwamnati ce.

Wani zai ce ai labarin da ne, yanzu ga WhatsApp. Haka ne, ba wanda zai saci layi yau don tambayar kuɗin atamfa. Amma ƙofar tana nan, sai dai ta juyo kanmu. Yanzu mu ne masu ofisoshi: mai fiton kaya a duwan, mai kamfanin motoci, mai otel, kowa ya sa na'urarsa, da yawa kuma an haɗa su da intanet. Ɓarawon yau bai san Ɗan Isa ba, bai taɓa taka Magama ba. Yana wata ƙasa, kwamfutarsa na gwada lambobi dare da rana, har ta faɗa kan wanda ya bar 0000 ko 1234 kamar yadda aka sayar masa. Da ya shiga, sai ya dinga kiran wasu lambobin ƙetare masu tsadar gaske, waɗanda yake da kaso a kuɗinsu. Ya fi son dare da ranakun hutu, lokacin da ofis babu kowa sai mai gadi. Kai kuwa ba za ka sani ba sai takardar kuɗi ta zo ƙarshen wata, kuma a ce kira daga layinka ya fita.

Abin mamaki, Alhajin da ke sa kwaɗo uku a ƙofar sito, shi ne bai san lambar sirrin na'urarsa ba. Yaron da ya haɗa ta, da akawun da aka kora bara, su suka sani.

Don haka, Alhaji, kira mai gyara gobe, ka zauna kusa da shi. Tambaye shi ko ƙofar nan a buɗe take. In ba ka da ma'aikaci mai buƙatarta, a toshe ta gaba ɗaya. In akwai, kowa da lambarsa mai tsawo, a kashe ta ranar da ya bar aiki. A hana 00 fita da dare, a bar ƙasashen da kake ciniki da su kawai. Sannan ka nemi kamfanin tarho ya riƙa ba ka takarda mai nuna kowane kira da lokacinsa, ka duba ta da kanka.