Lafiya Uwar Jiki: Yanke Ƙauna Shi Ne Babban Haɗari

Jama'a, ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Cuta ce mai kama jiki da zuciya tare, mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, wannan ciwo kuwa yana cikin manyan dalilai. Amma fa mafi yawan masu fama da shi ba su kai ga haka. To, me ke jefa waɗansu cikin haɗari?

Ta fuskar jiki, a 1976 wata likitar ƙasar Suwidin, Marie Asberg, ta auna ruwan lakar masu ciwon. Ta tarar waɗanda ragowar sinadarin serotonin ya yi ƙaranci a cikinsa sun fi yunƙurin halaka kansu. Gado ma yana da hannu, don haɗarin ya fi yawa a dangin da abin ya taɓa faruwa. Doguwar rashin barci da giya da ƙwayoyi kuwa, su ke kwance wa hankali linzami.

Ta fuskar tunani, Likita Aaron Beck na Amurka ya yi shekaru yana bin majinyata. A 1985 ya bayyana cewa yanke ƙauna, watau mutum ya tabbata gobe ba za ta yi kyau ba, ya fi tsananin ciwon nuna wanda ke bakin rami. Kaɗaici da ganin kai ya zama wa iyali kaya suna ƙara wa wutar itace. Wanda ya taɓa yunƙuri kuwa, shi ya fi bukatar a sa masa ido.

Saboda haka in ɗan'uwa ya fara cewa, "Gara a ce ba ni," kada a rufe shi da faɗa, ana cewa ba shi da imani. A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. A kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, sa'an nan a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri.

Lalle ciwon damuwa yana da magani. Yanke ƙaunar nan ma cutar ce ke haifar da ita, in aka yi magani takan wuce.